Yadda ake riƙe ofishin sashe a jami'a, daga rajista har fitar sakamako

A kowane sashe na jami'a ko kwaleji akwai tebur guda da kome ke bi ta kansa. Takardar da ta fito daga ofishin magatakarda nan take sauka. Ɗalibin da bai ga sunansa a jerin masu kwas ba nan yake tsayawa, malamin da ya tarar da wani aji a ɗakin lakcarsa ma nan yake kawo kuka. Mai wannan tebur, wasu wuraren suna kiransa sakataren sashe, wasu mataimakin gudanarwa. Wannan bayani na wanda aka bai wa kujerar ne, ko wanda yake neman ta, mace ko namiji.

Yanke hukunci ba naka ba ne. Amma hukunci ba ya yankuwa a kan lokaci sai takardar da ta dace ta isa gaban mai ikon yanke shi, kuma bayan wata shida babu mai tuna abin da aka yanke sai in an rubuta. Waɗannan biyun su ne aikinka, sauran duk rassansu ne.

Makon farko: wa ke da ikon me

Kafin ka taɓa fayil ko ɗaya, koyi tsarin iko. A yawancin jami'o'i sashe yana ƙarƙashin tsangaya, tsangaya kuma tana kai al'amuran karatu gaban majalisar malaman jami'a, wadda aka fi sani da sanate. Shugaban sashe shi ne ubangidanka na kai tsaye, sama da shi akwai shugaban tsangaya. Magatakarda ke riƙe da bayanan ɗalibai na jami'ar baki ɗaya, harkar kuɗi kuwa ta ofishin ma'aji ce. Sunayen sukan sauya daga ƙasa zuwa ƙasa, tsarin dai kusan ɗaya ne.

Nemi takardu uku ka karanta su a tsanake: littafin dokokin karatu da ake bai wa ɗalibai, kalandar karatu ta bana, da rahotannin tarurrukan sashe na shekara biyu da suka wuce. Na ukun ne sababbi suke tsallakewa, alhali shi ya fi faɗin gaskiyar wurin. A nan za ka ga maganar da ake ta ɗagewa taro bayan taro, kwas ɗin da kullum sakamakonsa ke makara, da alƙawarin da sashe ya yi wa tsangaya bai cika ba tukuna.

Daga nan sai ka haɗa shafi guda. Kowace irin buƙata a layinta: ɗage karatu na zango, sauya kwas, gyaran maki, hutun malami, sayen kayan ofis. A gaban kowace ka rubuta fom ɗin da ake cikewa, wanda zai fara sa hannu, wanda zai sa na ƙarshe, da kwanakin da abin yakan ɗauka. Inda ba ka da tabbas, ɗauki waya ka tambayi takwaranka na ofishin tsangaya. Kada ka ji kunyar tambayar, a makon farko kyauta ce, bayan shekara guda kuwa za ta yi tsada.

Ƙirga kwanaki ta baya

Zango ɗaya, a tsarin zango biyu, yakan ɗauki kimanin mako 15 na koyarwa. Wasu jami'o'in suna da zango uku gajeru. Ko wanne ne naku, kalandar da jami'a ta buga ranar ƙarshe kawai take nunawa, ba ta faɗa maka ranar da ya kamata ka fara ba. Wannan kai za ka fitar, ta hanyar ƙirgawa daga ƙarshe zuwa farko.

A ce sanate za ta zauna kan sakamako ranar 30 ga wata. Tsangaya za ta yi nata zaman ranar 16, to dole sashe ya zauna wajen ranar 9. Kafin sashe ya zauna, ya kamata takardu su kai hannun malamai ranar 5. Haɗa makin da tantance shi zai ci kwana uku ko huɗu, ke nan malamai su miƙa makinsu ranar 1. Wata guda cur kafin ranar da ke rubuce a kalandar jami'a. Yi wa kowane babban aiki irin wannan lissafin: rajista, jadawalin lakca, jarrabawa, kare kundin bincike, zuwan masu tantance kwasa-kwasai, wato waɗanda ke zuwa daga waje su duba ingancin karatun sashe. Sannan ka ƙara kwana biyu a kowane mataki, domin wani zai yi tafiya, wani zai kwanta rashin lafiya, manhajar jami'a kuma za ta tsaya a ranar da kowa ke buƙatarta.

Saka ranakun a kalandar intanet da shugaban sashe zai iya gani, ka kuma liƙa kwafin takarda a bango.

Kada takarda ta wuce ba sawu

Buɗe littafin shiga da fita, na takarda ko na kwamfuta. Duk abin da ya shigo: kwanan wata, daga wa, a kan me, wa aka bai wa. Duk abin da ya fita: wa ya kai, wa ya karɓa, da sa hannunsa. Takardar da za ta bar ofis ka ɗauki hotonta tukuna. Ranar da wani ofishi ya rantse cewa takarda ba ta iso ba, layi ɗaya a littafin nan ya ishe ka, ba sai an ɗaga murya ba.

Wajen sa wa fayil suna a kwamfuta, fara da shekara, sai wata, sai rana: 2025-03-14, sannan batun. Da haka fayiloli suke jera kansu bisa lokaci. Ka guji sunaye irin su "na ƙarshe" da "na ƙarshe na gaskiya". Sa lamba: bugu 1, bugu 2, bugu 3. Abin da sanate ta amince da shi ka mayar da shi PDF ka ajiye a jaka ta daban da ba a gyara kome a cikinta.

Muhimman bayanai su kasance kwafi uku, a na'ura iri biyu, ɗaya a wajen ofis. Wajen ofis ɗin nan ma'ajiyar jami'a ake nufi, ba imel ɗinka na kanka ba, ba kuma filashin da ke yawo a aljihu ba.

Rajista da jadawali

Lokacin rajista abu uku kake dubawa a fom ɗin ɗalibi. Ya ci kwas ɗin da ake buƙata kafin wannan? Nauyin kwasa-kwasansa bai gaza ƙa'ida ba, bai kuma wuce ta ba? Ya sa kwas ɗin da ya faɗi bara? Ma'aunin nauyin, wanda ake kira kiredit, ya bambanta: a tsarin ECTS na Turai shekarar karatu cikakkiya kiredit 60 ce, a Amurka digirin farko yakan zama kiredit 120 a shekara huɗu. Ka san naku ka haddace. In ka ga matsala, nuna wa ɗalibin sannan ka tura shi wurin malami mai ba shi shawara. Kada ka ce masa "ajiye wannan kwas ka ɗauki wancan", ko da ka san amsar. Ranar da zaɓin ya hana shi kammalawa, sunanka zai kira.

Ranar rufe ƙari da cire kwas ka sanar da ita sau uku: farkon rajista, saura mako guda, da saura kwana ɗaya. Bayan an rufe, fitar da jerin ɗaliban kowane kwas ka ba malaminsa, ka roƙe shi ya gwada da waɗanda ke zuwa aji. Ɗalibin da ke halartar lakca ba tare da rajista ba gara a gano shi a mako na huɗu, ba a ƙofar ɗakin jarrabawa ba.

Jadawalin lakca kuwa da mai wuya ake farawa. Fara sa manyan azuzuwan da ɗaki ɗaya ko biyu ne kawai ke ɗaukarsu, sai ɗakunan gwaje-gwaje, sai kwasa-kwasan da ake tarayya da wasu sassa, sai malaman wucin gadi masu ƙayyadaddun ranaku. Ƙananan azuzuwa a ƙarshe, su suna shiga ko'ina. Ka tuna da masu maimaita kwas, domin su ne karo ya fi samu: suna aji uku amma suna da kwas a aji biyu. In akwai ɗalibi ko malami mai keken guragu, ɗakin da zai iya shiga ake ba ajinsa tun farko. Fitar da daftari, ba mutane kwana uku su kawo ƙorafi a rubuce, ka gyara, shugaban sashe ya amince, shi ke nan an rufe.

Taron sashe

Taro yana da aiki kafin a zauna, da lokacin zama, da bayan an tashi, kuma na farko da na ƙarshe sun fi na tsakiya nauyi.

Saura kwana goma ka zauna da shugaban sashe ku tsara ajanda. Jerin da aka saba shi ne: waɗanda suka halarta da masu uzuri, amincewa da rahoton taron baya, abubuwan da suka taso daga cikinsa, sababbin batutuwa, sai sauran magana. A gaban kowane batu ka nuna ko na sanarwa ne, ko na tattaunawa, ko na yanke hukunci. Wannan ƙaramar alama tana rage wa taro tsawo. Saura mako guda ka aika ajanda tare da rahoton baya da duk takardun da za a duba. Takardar da aka raba a bakin ƙofa babu mai karanta ta, amincewa kawai za a yi a yi nadama daga baya.

Ranar taro, riga kowa zuwa. Zagaya da takardar halarta, ka ƙirga ko adadin da doka ta ce sai da shi taro zai yanke hukunci ya cika, ka raɗa wa shugaba. In bai cika ba ana iya tattaunawa, amma abin da aka yanke zai iya rushewa ranar da wani ya ƙalubalance shi.

Rahoton taro ba labarin taro ba ne. Ba a rubuta wa ya harzuƙa, wa ya buga tebur. A kowane batu abu huɗu ake so: me aka gabatar, manyan hujjojin da aka kawo a taƙaice, me aka yanke, wa zai aiwatar kuma zuwa yaushe. Ka rubuta "an nuna damuwa cewa ɗakin gwaji bai isa ba", ba "Dakta wane ya ce". Sai fa in mutum da kansa ya nemi a rubuta rashin amincewarsa da sunansa, wannan haƙƙinsa ne. In aka tashi daga batu ba ka gane me aka yanke ba, ɗaga hannu cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, don rubutu, me aka tsayar?" Sau da yawa za ka ga su ma ba su tsayar ba, tambayarka ce za ta sa su tsayar.

Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe: rubuta daftarin cikin kwana biyu, tun maganganun suna kunnenka. Shugaba ya duba. Sannan ka ciro jerin ayyuka ka aika wa kowa nasa shi kaɗai, a layi biyu. Mutum yakan karanta layi biyu, shafi takwas kuwa sai daren taro na gaba.

Jarrabawa da sakamako

Nan ne kuskure ɗaya ke iya jawo wa ɗalibi asarar shekara, don haka a nan za ka fi rage sauri.

Takardun tambayoyi ba sa bi ta imel na kowa da kowa, ba sa kwana a injin buga takardu, ba a barinsu a fuskar kwamfuta a fita shan iska. A buga su a ɗaki rufe tare da jami'in jarrabawa, a ƙirga, a sa a ambulan, a manne, a sa hannu a kan mannen, a kulle. Gurɓatattun shafuka a yayyanka su nan take, kwandon shara ba wurinsu ba ne. A bayan kowane ambulan: lambar kwas, rana, lokaci, ɗaki, yawan ɗalibai. Haɗa da takardar halarta da fom ɗin rahoton maguɗi, ko da ana fatan ba za a buƙace shi ba. Masu sa ido su sami jadawalinsu mako guda kafin lokaci, ka kuma tanadi mutum biyu na ko-ta-kwana. Bayan jarrabawa, adadin takardun amsa dole ya yi daidai da adadin sa hannu a takardar halarta kafin kowa ya bar ɗakin. Malamin da zai ɗauka ya je ya duba, ya ƙirga a gabanka ya sa hannu.

In maki ya fara shigowa, manhajar Excel tana da tarko uku da ya kamata ka sani. Tana share sifirin farko na lamba, sai 004512 ta koma 4512. Lambar da ta wuce alƙaluma 15 tana mayar da na ƙarshenta sifiri. Abu mai kama da 3/12 kuma tana iya mayar da shi kwanan wata. Maganin duka ukun shi ne ka mayar da layin lambar ɗalibi ya zama na rubutu kafin ka shigar da kome. Akwai na huɗu wanda ya fi su muni, shi kuma laifin hannu ne: mutum ya zaɓi layin sunaye kaɗai ya jera shi bisa haruffa, makin ya tsaya inda yake. Nan take kowane ɗalibi ya ɗauki makin wani, kuma takardar tana nan tsaf, babu abin da ke nuna ɓarna. Don haka da lambar ɗalibi ake haɗa bayanai, ba da suna ba. A aji ɗaya ana samun masu suna iri ɗaya, lamba kuwa ba ta maimaituwa.

Ko da manhaja ce ke lissafa matsakaicin maki, koyi yin sa da hannu don ka iya gane in ta kauce. Ana ninka kiredit na kowane kwas da darajar harafin da aka samu, a tara, a raba da jimlar kiredit. A ma'aunin da A take 4, B 3, C 2: kwas mai kiredit 3 da A ya ba da 12, mai kiredit 2 da C ya ba da 4, mai kiredit 3 da B ya ba da 9. Jimla 25, a raba da 8, an sami 3.125. A ma'aunin da A take 5, sakamakon nan zai zama 33 a raba da 8, wato 4.125. Zaɓi ɗalibai biyar daga kowane aji ka gwada haka. Sannan ku zauna mutum biyu, ɗaya yana karanta makin daga takardar da malami ya sa wa hannu, ɗaya yana bin na kwamfuta. Aiki ne mai gundura, ban kuwa san wata hanya da ta fi shi kama kuskure ba.

Ka ware jerin masu matsala kafin taron sashe: wanda ya yi rajista ba shi da maki, wanda yake da maki bai yi rajista ba, wanda bai zauna jarrabawa ba da takardar asibiti, wanda ake bincikensa. Gurbin da babu maki a bar shi a fili da bayani. Kada ka cike shi da sifiri, domin sifiri yana nufin ya zauna ya faɗi.

Maki ba ya sauyawa da baki. Ko malamin kwas ɗin ne ya leƙo ya ce "mayar da 38 ɗin nan 48, kuskurena ne", amsar ita ce: "To Malam, ga fom ɗin gyara, in Shugaba ya sa hannu yanzu zan shigar." Mai gaskiya ba zai ji haushi ba, fom ɗin ma kariya ce gare shi. Kuma sakamako ba ya zama sakamako sai hukumar da ke da iko ta amince, kafin nan ko da ido kada ka nuna wa ɗalibi ya ci ko ya faɗi.

Sirrin ɗalibi

Ƙasashe da dama sun mayar da wannan doka. A Amurka akwai dokar FERPA tun 1974, wadda ta mayar da ikon bayanan karatu hannun ɗalibin da zarar ya shiga babbar makaranta. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, ta fara aiki a watan Mayun 2018, Najeriya ma ta yi dokar kare bayanai a 2023. Ka nemi abin da dokar ƙasarku da ƙa'idar jami'arku suka ce. A aikace dai: mai kira a waya yana cewa shi mahaifi ne ko mai ɗaukar nauyi ba a karanta masa maki, a gaya masa hanyar da ake bi da izinin ɗalibin. Imel zuwa ga ɗalibai da yawa a sa adireshinsu a gurbin Bcc, don kada kowa ya ga na kowa. Takardar asibiti a fayil na daban mai makulli. In za ka tashi daga tebur, ko na minti biyu ne, kulle fuskar kwamfuta. Kalmar sirrinka ba ta aro ba ce, duk abin da aka yi da ita da sunanka aka yi.

Malamai da ɗalibai

Malamin da ya makara yawanci ba raini ba ne, abubuwa ne suka yi masa yawa. Tunatarwa ta farko ta kowa da kowa ce. Ta biyu tasa ce shi kaɗai, gajera: abin da ake jira, ranar, da abin da zai tsaya in bai zo ba. Ta uku ka je da ƙafarka. In duk ba su yi ba, kai wa shugaban sashe jerin waɗanda suka rage, ba tare da ƙarin gishiri ba. Matsa wa farfesa aikin shugaba ne.

Ɗalibi kuwa sau da yawa kai ne ofishi na huɗu da aka turo shi a ranar. Kafin ka tura shi na biyar, kira ka tabbatar can ne, ka rubuta masa sunan ofishin da abin da zai riƙe. Wanda ya zo cikin kuka ko firgici, zaunar da shi, saurare shi, ka haɗa shi da ofishin kula da ɗalibai ko asibitin jami'a, kada ka ɗauki nauyin da ba a horar da kai a kansa ba. Kyauta daga ɗalibin da takardarsa ke hannunka, kome ƙanƙantarta, a mayar da ita da fara'a.

Ƙarshen shekara

In sanate ta amince da sakamako, rufe fayilolin shekarar. Takardun amsa a ɗaure su kwas-kwas, a rubuta shekara da zango, a ajiye har tsawon lokacin da ƙa'idar jami'a ta gindaya, domin ɗaukaka ƙara kan maki yakan zo bayan watanni. Abin da wa'adinsa ya cika a lalata shi da izini a rubuce.

Buɗe jaka guda ta masu tantance kwasa-kwasai, ka riƙa jefa mata abubuwa duk zango: tsarin kowane kwas, samfurin tambayoyi da yadda aka raba maki, rahoton malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya duba jarrabawa, jerin malamai da takardunsu, rahotannin taro. Sashen da ya bar wannan sai an sa ranar zuwansu yakan kwana a ofis mako biyu yana neman takardun shekara uku.

Sai takardar miƙa aiki, wadda ake sabuntawa duk shekara ko da ba ka shirin tafiya ko'ina. Shafi uku sun isa: ina makullai suke, ina kowane fayil yake, wa ake kira a kowane ofishi, waɗanne buƙatu ne ke kan hanya kuma a teburin wa suka tsaya, da ranakun zango mai zuwa da ka riga ka ƙirga ta baya. Ba shugaban sashe kwafi ɗaya, ɗaya kuma a aljihun tebur na sama.